Kafin Fenti Ya Hau: Wa Zai Adana Rubutun Bangon Agye, Gazawa da Gidan Rumji?

Ranar 15 ga Oktoba 2024 hukumomin Yamai suka sauke sunan Charles de Gaulle daga babban titin da ya daɗe yana ɗauke da shi, suka ɗora na Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba kuma magajin garin Yamai na farko. A ranar ce kuma dandalin Francophonie ya koma dandalin ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, hoton sojan Faransa Monteil ya kauce wa na Thomas Sankara. Wata biyar bayan haka, a ƙarshen Maris 2025, kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Tun daga lokacin tambaya ɗaya take yawo a fadojin shayi da tashoshin mota na jihar Maradi: to mu fa, yaushe za a sauya namu allunan? Har yaushe Bahaushe zai shigo garinsu ya tarar an rubuta masa "Guidan Roumdji" a bakin kwalta, sunan da sai ya murɗe harshe kafin ya gane Gidan Rumji ake nufi?

Ina tare da masu son a sauya, kuma ba na ɓoyewa. Amma ina da sharaɗi guda, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami: kada a sauke allo ko ɗaya, kada a shafe bango ko ɗaya, sai an ɗauki hotonsa, an rubuta wuri da rana, an ajiye inda jikokinmu za su iya samu. Sharaɗin ya haɗa da allon hukuma, da allon shago, da allon furoje, har da rubutun gawayin da yara suka yi a bayan makaranta. Ya haɗa da abin da muke alfahari da shi da wanda muke jin kunyarsa. A garuruwa irin su Agye da Gazawa da Gidan Rumji, inda babu jaridar gari, babu gidan tarihi, takardun ofis kuwa gara da ɗigar ruwa ke rabonsu, bango da allo su ne kusan kaɗai rubutaccen tarihin da talaka yake iya tsayawa ya duba ba tare da neman izinin kowa ba.

Wanda yake ganin na cika baki, ya sauka daga mota a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri ta wuce Maradi zuwa Agye da Gazawa da Tasawa, ya tsaya gaban wani tsohon shagon bakin hanya, ya duba bangon da kyau. Jan fentin Airtel ne a sama. Inda ya ɓare za ka hango ragowar Zain, a ƙarƙashinsa kuma ja da rawayan Celtel. Wannan kaɗai ya ba ka shekaru: Celtel ta koma Zain a 2008, Zain ta koma Airtel a 2010. Shagon maƙwabci yana iya nuna maka Orange a ƙarƙashin Zamani, ka san an yi fentin farko kafin Zamani ta sayi Orange a 2019. Daga gefen ƙofa ga alli: layuka da lambobin da masu rigakafin shan-inna suke bari don abokan aikinsu su san gidan da aka shiga da yaran da aka samu. Ƙasa kaɗan ga lambar masu ƙidaya. Can kusurwa wani ya rubuta lambar wayarsa da baƙin mai, ya ce yana haƙar rijiya da yasar masai. Ga ruwan hoda na wata jam'iyya ya koɗe ya koma kalar ƙasa, ga sunan wata fada da gawayi, a samansu duka kuma, da sabon fenti, "Zancen ƙasa ne", taken da ya cika bakuna bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Bango guda, shekara ashirin da 'yan kai. Wace takarda ce a ofishin gunduma za ta gaya maka wannan duka a kallo ɗaya?

Kuma bangon ba ya jira. Daminar 2024 ta nuna mana haka: a ƙarshen Agusta ruwa ya rusa gidaje ya ci rayuka a birnin Maradi, ranar 3 ga Satumba kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. In ginin da duniya ta san da shi ya faɗi, ina ga katangar ƙasa ta mai injin niƙa a Gangara? Inda ruwa ya bari, siminti yana ci. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi, kuma jama'a tana ninkawa kusan kowace shekara 20. Gonakin bakin gari sun zama fulotai, gidan ƙasa ya zama na bulo, rumfar kara ta zama shagon kwano. Gazawa ita kanta sai a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Allunan da suka ce tana ƙarƙashin Agye, ina suke yau? Maradi ta taɓa ganin irin wannan da girma: ambaliyar 1945 ta sa aka tashi garin daga kwarin Gulbi aka hau tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu. Shekara 70 bayan haka, shagalin Maradi Kwalliya na Disamba 2015 ya sake sauya fuskar manyan titunan birnin. Duk lokacin da aka yi irin wannan, murnar sabon ake yi, ba mai waiwayar abin da katafila ta ture. Alhali waiwaye adon tafiya ne.

Na san abin da za a fara jefo mini. Za a ce: Malam, mutane suna neman na tuwo, 'yan bindiga suna tsallako iyaka suna sace mutane da shanu a kudancin Gidan Rumji, kai kuma kana maganar hoton bango? Wannan ai zancen ƙosassu ne.

Amsata tana bakin kowane ƙauye a gundumar Agye, inda allunan furoje suke jere kamar an shuka su. Yankin nan ya ga ayyukan raya karkara iri-iri, musamman na asusun FIDA: PPILDA, sannan PASADEM, sannan ProDAF. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna har ƙasashen waje saboda sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona ana kula da su maimakon a tumɓuke. Wasu ayyukan sun bar alheri da ido ke gani. Wasu kuwa, daga masu ba da tallafi daban-daban, allon ne kawai ya rage. To me ke rubuce a allon? Sunan aikin, wanda ya ba da kuɗi, sau da yawa adadin kuɗin, watannin da aka ɗiba, ɗan kwangilar da aka ba, da ofishin da aka ce zai sa ido. Ranar da famfo ya tsaya ko rufin aji ya yaye tun bai shekara biyu ba, wace shaida ce ke hannun mai gari? Cikakkun takardun suna Yamai, ko Rum, ko Janeba. Na wasu ma sun fi haka nisa: a farkon Fabrairu 2025 shafin intanet na hukumar USAID ya rufe, rumbun rahotanninta ya bi shi, kafin a rufe hukumar kanta. Ga ƙauyukan Shadakori da Gidan Sori da suka ga ayyukan da kuɗin Amurka ya ɗauki nauyi, allon ƙarfen bakin hanya yana iya zama shi ne abin da ya fi kusa da rasit. Shi kuma allon, in tsatsa ba ta cinye rubutun ba, 'yan gwangwan za su auna shi a sikeli, ko ka tarar da shi ya zama ƙyauren garken awaki, harafin ƙarshe na sunan ɗan kwangila yana leƙowa ta ƙarƙashin igiya. Wa ke cin ribar ɓacewar allon nan? Ba talaka ba ne. Saboda haka mai maganar tuwo, da ni da shi hanyarmu ɗaya, ko da bai lura ba.

Sai masu kishin ƙasa, waɗanda nake girmama zafinsu. Su cewa suke: waɗannan alluna tabon mulkin mallaka ne da na bara, fentin jam'iyyu kuwa tabon shekarun da aka raba kanmu, a shafe, a huta, me za a adana a cikin abin kunya? A nan nake so in daɗe kaɗan, domin amsar tana cikin sunan da suka fi kowa ɗagawa yau.

Djibo Bakary ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. A 1959 aka haramta Sawaba. Shekaru da dama bayan haka, ambaton sunan jam'iyyar kaɗai yana iya kai mutum gidan kaso. Wanda yake da katinta ko takardarta ya ƙona ko ya binne. Hukumar wancan lokaci ta tabbata tana share datti ne. Da masanin tarihi Klaas van Walraven ya zo rubuta labarin Sawaba, littafin da ya fito a 2013, sai da ya yi shekaru yana bin tsofaffi gari-gari yana tambaya, yana haɗawa da rahotannin 'yan sandan da suka farauce su. Yau ga sunan Djibo a babban titin Yamai. Da a ce wani ya ɗauki hoton ƙofofin 'yan Sawaba na Maradi da Tasawa a 1958, nawa za mu biya mu gan shi yanzu?

A Maris 2025 an rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Ruwan hodan PNDS-Tarayya, koren MNSD-Nasara, ruwan lemon Lumana, da hotunan zaɓen Disamba 2020 da zagaye na biyu na Fabrairu 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, duk suna koɗewa a bangaye. Ban ce a yi kewarsu ba. Kowa da ra'ayinsa a kan shekarun nan. Abin da nake cewa shi ne, yaron da aka haifa bana zai girma ya tambaya: wace unguwa ce ta bi wa, wane alkawari aka rubuta mana, da wane harshe aka roƙi ƙuri'armu? In mun shafe ba mu ajiye ba, duk wanda ya ga dama zai tsara masa labarin yadda ya so. Gani ya kori ji. Kuma wanda ya amince da gaskiyarsa, me zai tsorata a hoton allon da ya sauke? Sharewa ba ajiya ta yi kama da matar da ta tashi gyaran ɗaki, ta haɗa takardar gonar gado da shara ta cinna wuta: ɗakin ya yi fes, ranar shari'a kuma a rasa abin nunawa.

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan nauyi, kuma daga bakin malaman makaranta na fi jin ta. Suna cewa: manyan da suka iya karatun boko a ƙasar nan ba su kai rabi ba, a karkara ma abin ya fi ƙasa. Allunan nan ba don mutanen gari aka kafa su ba, don baƙo ne da mai ba da kuɗi da mai zuwa duba aiki. Ɗan gari ba ya cewa titi mai lamba kaza. Cewa yake bayan gidan mai unguwa, ko kusa da famfon mata, ko inda tsohuwar kuka take, ko da an sare kukar tun zamanin Kountché. In kana son tarihin unguwa, tafi wurin tsofaffi, bar bango.

Rabin wannan gaskiya ne, kuma na karɓa. Duk wanda zai ɗauki hoton allo ya kamata ya tambayi na zaune a gindinsa: ku me kuke ce wa wurin nan? Ya rubuta amsar tare da hoton. Tazarar da ke tsakanin sunan allo da sunan baki ita kanta labari ce. Amma ɗaya rabin ban yarda ba. Cewa hukuma da furoje sun shekara sittin suna kafa alluna da harshen da jama'a ba sa karantawa, wannan ai shi ne abin da ya fi cancanta a ajiye shaidarsa. Sannan ba hukuma kaɗai ke rubutu ba. Dubi yadda ɗan kasuwa yake yi, shi da in ba a gane shi ba ba zai ci abinci ba. Mai aski ya zana kawuna uku da aski iri uku. Mai cajin waya ya zana waya da igiyarta. Dillalin aya da riɗi ya rataya mudu. Mai maganin gargajiya ya rubuta da ajami, domin ya san masu zuwa wurinsa sun yi makarantar allo. Wani ya rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, da "ou" da "tch" da "dj", wani ya rubuta irin ta Kano da ya gani a fina-finai da WhatsApp, wani ya gauraya duka a layi ɗaya. Tun 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasa, amma nawa ne daga cikin allunan kasuwar Agye suka bi ta?

A nan ne maganar ta daina zama ta tarihi kawai. In da gaske za a mayar da alluna Hausa, da wane rubutu? Boko zalla, ko boko da ajami? Za a sa ƙ da ɗ da ɓ, alhali mai buga allon ba shi da su a kwamfutarsa? Za a bar Faransanci a ƙasa saboda direban da ya taso daga Kwatano ko Lome? Bafulatani da Buzun da suke zaune a waɗannan gundumomi tun kaka da kakanni, wane wuri za a ba nasu harshen? Ofis a Yamai ba zai iya amsa waɗannan daga kan tebur ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin ya riga ya rubuta amsarsa a bangon shagonsa. Hoton alluna dubu daga kasuwanni goma zai nuna wa hukuma abin da mutane suke iya karantawa fiye da taron bita na mako guda a otal. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dattawa kuma nasu ƙorafin a kan rubutun yara ne. Rashin tarbiyya ne, in ji su, yaro ya ɓata katangar da bai san nawa aka kashe mata ba. In ka ɗauki hoto ka ba shi girma, gobe zai ƙara. Ina jin zafin mai katanga, kuma zagi da batsa a bangon makaranta ba abin yabo ba ne. Sai dai mafi yawan abin da samari ke rubutawa sunan fadarsu ne. Tun shekarun 1990 fada ta zama wurin zaman saurayin da ya gama makaranta ko ya bar ta, aiki bai samu ba, aure bai yiwu ba: benci, butar shayi, gawayi, rediyo, da suna a bango. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a kan fadojin Nijar, ya fito a 2019, kuma ta ba rubutun bangon nan muhimmanci, domin ta ga a nan ne samarin suke sanar da gari cewa suna nan. Sunayen suna sauyawa da zamani: wani lokaci biranen Amurka da mawaƙanta, wani lokaci Barcelona da Real Madrid, wani lokaci kalmomin haƙuri da tawakkali, yanzu kuma tutoci da taken kishin ƙasa. Wanda ya jera waɗannan sunaye shekara bayan shekara zai ga inda zuciyar samarin gari take fuskanta, tun kafin ta fito a wani wuri da ba mu so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ashe bai kamata a riƙa duba bangon ba?

Kuma mu daina yi kamar rubutu a bango baƙon abu ne gare mu. Zanen fuskar gidajen Birni da Zango a Damagaram, da na Kano da Zariya, magina ne suka yi shi don mai gida ya gaya wa mai wucewa ko shi wane ne. Raƙuman dawa na Dabous, arewa da Agadas, da ƙasa take tinƙaho da su, wani ne ya zauna ya sassaƙa dutse shekaru dubbai da suka wuce, kuma ban ji an ce ya nemi izini ba. A Pompeii ta Italiya, garin da toka ta binne a shekara ta 79, an samu dubban rubuce-rubuce a bangaye, har da na neman ƙuri'a da na bashi da na soyayya; daga cikinsu masana suka san yadda talakan Rum yake magana, abin da littattafan manya ba su damu su rubuta ba. Su toka ta adana musu. A Alƙahira, zanen titin Mohamed Mahmoud na juyin 2011 an shafe shi an sake shafewa, aka rushe wani sashen katangar a 2015. Abin da ya rage yana hannun waɗanda suka ɗauki hoto.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta tsaro, kuma ba zan yi kamar na gama da ita ba. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, mafi yawansu suka sauka a gundumar Gidan Rumji, har aka kafa musu matsugunai a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Shadakori. A yankin da kowa ke tsoron infoma, baƙon da ya ɗaga waya yana ɗaukar ƙofofi da lunguna yana iya jawo wa kansa duka kafin ya buɗe baki, kuma masu dukan ba za a ce ba su da dalili ba. Hoton da ya nuna gidan wane da shagon wane da lambar wayar wane, in ya faɗa hannun mugu, taswira ce. Ga kuma doka: a Yuni 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Yaron da ya ɗauki hoton bangon da aka zagi wani babba ya watsa a Facebook, shi zai kwana a hannu, ba mai gawayin ba.

Duk da haka ban ga dalilin fasawa ba, sai dai dalilin yin abin da hankali. Adanawa daban, yaɗawa daban. Aikin ya zama na 'yan gari da aka san iyayensu, da takardar hukuma a aljihu da sanin mai gari. A nisanci bariki da shingen jandarma da duk abin da jami'an tsaro suka ce a bari. A rufe fuskoki da lambobin waya a duk hoton da zai fita. Wanda yake da zafi a kulle shi, a rubuta cewa ba za a buɗe ba sai bayan shekara kaza, kamar yadda gidajen adana takardu suke yi ko'ina. Amma a ɗauka. Matsugunan 'yan gudun hijirar nan, da lambobin da aka rubuta a rumfunansu da allunan ƙungiyoyin agaji da na masu canjin naira da sefa, ko dai su zama garuruwa na dindindin ko su watse in zaman lafiya ya dawo. Ta kowace hanya, kamanninsu na yau ba za su kai shekara goma ba. Haka allunan cibiyoyin tamowa da suka bazu bayan yunwar 2005, lokacin da likitocin Na-gari Na-kowa suka cika yankin: yaran da aka auna a can sun zama magidanta, kuma kaɗan ne cikinsu za su iya nuna wa 'ya'yansu yadda wurin yake.

To wa zai yi? Kada mu zauna jiran motar Google ko wani bature mai kyamara, wanda zai kwashe ya tafi, mu koma muna neman izinin kallon garinmu a rumbun wata jami'a ta ƙetare. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana Maradi, ɗalibanta suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da yawansu kuma 'yan waɗannan garuruwa ne. Malamin tarihi a sakandaren Gazawa zai iya raba titunan gari ga ajinsa. Gidajen rediyon al'umma suna da amanar jama'a da na'urar ɗaukar murya. A Yamai akwai cibiyar IRSH, wadda take riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, akwai kuma gidan adana takardun ƙasa. Dabarar ba ta da wuya, naci take so: titi ɗaya, a tsaya wuri ɗaya, a ɗauka kafin damina, a sake ɗauka bayan kaka, shekara bayan shekara. Wani mai zane a Amurka, Ed Ruscha, ya fara haka da titin Sunset na Los Angeles a 1966, gini bayan gini, ya ci gaba shekaru da dama; hoto guda cikinsu ba abin kallo ba ne, jerin ne ya zama dukiya.

Abin da na fi tsoro shi ne a ce ai kowa yana da waya, hotuna sun yi yawa ma. Hoton da ke cikin waya yana mutuwa da wayar. Wanda ya bi ta WhatsApp ya zubar da ranarsa da wurinsa, ya zama hoton wani bango a wani gari. In ba a rubuta "Agye, gabas da tasha, watan kaza, shekara kaza" ba, in ba a kwafe shi wuri biyu ko uku ba, in ba a buga zaɓaɓɓu a takarda ba, ba a yi komai ba.

Kuma a yi hanzarin zama da masu rubutun hannu, waɗanda suke da gwangwanin fenti da buroshi a bayan keke. Allunan roba da ake bugawa da kwamfuta a Maradi suna karɓe musu kasuwa, su kuwa robobin rana tana cinye kalarsu, iska tana yaga su, ba sa barin komai a ƙarƙashi. Tsohon mai fenti ya san wa ya ba shi aikin wane bango, nawa aka biya shi, wane ɗan takara ne ya cinye masa kuɗi, wane allo ne aka sa shi ya sauya adadin da ke kai. Wannan ba ya rubuce ko'ina.

Tun Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ke riƙe da su. Wannan yana da nasa illoli, amma a wannan magana ya sauƙaƙa abu ɗaya: ba a bukatar zama ko ƙuri'a. Kantoman Agye ko na Gazawa ko na Gidan Rumji zai iya sa hannu a takarda guda gobe da safe, mai cewa duk wanda aka ba kwangilar sabon allo ko fentin ginin hukuma, ba za a biya shi ba sai ya kawo hoton tsohon, gaba da baya, da rana da wuri a rubuce. Kwafi ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya ya tafi jami'ar Maradi, ɗaya Yamai. Tsofaffin allunan ƙarfe kuma, maimakon a sayar da su da kilo, a jingine su a ɗaki guda a harabar ofis, a sa kwaɗo, a ba mutum ɗaya mabuɗi da littafin rajista. Kuɗin wannan duka bai kai na galan biyu na fenti ba, kuma ɗan kwangila ne zai biya.